Yadda Aka Sake Kunna Fitilun Samfurin Kumbon Enterprise a Smithsonian

A watan Satumba na shekarar 2014, ma'aikatan gidan adana tarihin jiragen sama da na sararin samaniya na Smithsonian da ke birnin Washington suka ciro wani samfurin kumbo daga akwatin gilashin da ya shafe shekara 14 a cikinsa, a hawan ƙasa na shagon sayar da tsaraba, suka kai shi ɗakin gyaran kayan tarihi na cibiyar Udvar-Hazy da ke Chantilly a jihar Virginia. Samfurin shi ne na kumbon Enterprise, wanda aka riƙa ɗaukar hotonsa domin shirin talabijin na Star Trek, shirin da tashar NBC ta fara nunawa ranar 8 ga Satumba 1966 ya kuma ƙare a 1969 bayan kashi 79. Tsawon samfurin ƙafa 11 ne, wato mita uku da 'yan kai, nauyinsa kuwa ya kai kimanin kilo 90. Aikin da ke jiran masu gyaran yana da yawa, domin fenti ya fara ɓarewa, katako ya fara tsagewa, bututun injina biyu kuma sun soma sunkuyawa. Amma abin da wannan nazari ya sa gaba shi ne batun fitilu, saboda matsalar da ƙwararrun suka fuskanta ita ce dai wadda ke gaban duk mai sha'awar da ya sayi ƙaramin samfurin roba a kwali, ya baje gutsattsarinsa a kan tebur, yana so ya harhaɗa shi ya kuma sa masa haske.

Walter Matt Jefferies ne ya zana siffar kumbon, Richard Datin kuma ya jagoranci ƙera shi tare da wasu masu sana'a uku a wani shago da ke Burbank a jihar Kalifoniya, suka miƙa shi a ƙarshen watan Disamba na 1964. Da katako da robar da aka gasa aka lanƙwasa da kuma bututun ƙarfe aka yi shi, kuma a siffarsa ta farko ba a tanadar masa fitilun ciki ba. Tagoginsa zane ne na fenti, gaban injinansa biyu kuwa dunƙulallen katako ne da aka shafa wa jan fenti. Sai a 1965, lokacin da za a ɗauki kashin gwaji na biyu, aka mayar da shi hannun masu ƙira domin a huda tagogi a saka ƙwayayen lantarki. A nan ne asalin wahalar ta faro, domin jikin da aka riga aka rufe ba shi da hanyar da waya za ta bi daga wannan sashe zuwa wancan. Mafitar da aka samu ita ce a fito da wayoyin ta gefen hagu a bi da su a waje, a bar gefen ba ado, a riƙa ɗaukar hoto ta dama kawai. Idan labari ya buƙaci a ga kumbon yana tafiya ta ɗaya ɓangaren, sai a manna masa lambobi da haruffa a juye, a ɗauki hoton, sannan a juya fim ɗin. Kumbon da miliyoyin mutane suka sani shekara da shekaru, rabinsa kaɗai suka taɓa gani, kuma dalilin haka shi ne haske ya zo bayan an gama gini. Hausawa na cewa tun ran gini tun ran zane, kuma da wuya a sami misalin da ya fi wannan dacewa da maganar.

A farkon 1966 aka yi masa ƙarin da ya fi kowane shahara. Aka cire jajayen katakan nan na gaban injina, aka sa ƙoƙuna masu dishi-dishi waɗanda haske ke ratsawa. A bayan kowane ƙoƙo akwai wani ƙoƙon na ciki mai ɗauke da layuka kamar fukafukan fanka, wanda ɗan inji ke juyawa, a bayansa kuma ƙananan ƙwayaye masu launi iri-iri, irin waɗanda ake rataya wa bishiyar Kirsimeti, wasunsu suna ƙyaftawa, tare da gutsattsarin madubi da ke warwatsa hasken. Idan aka kunna su gaba ɗaya, mai kallo yakan ga kamar wata wuta ce ke tafasa tana juyawa a cikin injin. Kayan da aka yi wannan aiki da su ba su fi ƙarfin kasuwa ba, kuma duk wanda ya taɓa ganin yaro ya ƙera motar gwangwani ya ɗaura mata batir da ƙwan tocila ya san irin tunanin da ke bayansa. Abin da ya bambanta shi shi ne an haɗa abu uku masu motsi daban-daban, wato juyawa da ƙyaftawa da walƙiyar madubi, ta yadda ido ba ya iya kama tsarin da suke bi, sai ya ɗauka abu ne mai rai.

Sai dai ƙwan lantarki mai zare yana da halin da ba ya rabuwa da shi. Fiye da kashi 90 cikin 100 na wutar da yake sha zafi take komawa, ɗan abin da ya rage ne ke zama haske. A fili ko a cikin ɗaki wannan ba komai ba ne, amma a cikin rufaffen katako da aka haɗa da gam, aka lulluɓe da roba da fenti, zafin ba shi da inda zai je. Katako yakan bushe ya tsuke idan ya yi zafi, ya kuma kumbura idan ya sha danshi, fentin da ke kansa kuwa ba ya bin sa daidai, sai ya tsattsage. A lokacin ɗaukar shirin ba a damu da wannan sosai ba, domin kayan aiki ne da ake sa ran zai yi 'yan shekaru a ajiye shi. Da kamfanin Paramount ya ba wa Smithsonian kyautarsa a 1974, ya iso a wawwarware, ba ƙoƙunan injina na asali, ba kuma farantin da ke gaban gangar jikinsa. An yi masa gyara a 1974 da 1984 da 1991, kuma na ƙarshen ya sha suka daga masoya shirin saboda layuka da duhun fentin da aka ƙara masa, waɗanda suka ce sun wuce abin da aka sani. Game da fitilu kuwa, adalci ne a ce masu gyaran 1991 ba su da zaɓi mai yawa. LED ƙaramin ƙwan lantarki ne marar zare wanda ba ya zafi sosai, amma shuɗinsa mai ƙarfi bai fito kasuwa ba sai 1993, farin LED kuma, wanda a kan shuɗin aka gina shi, sai a 1996. Masanan Japan uku da suka samar da shuɗin, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, sun sami kyautar Nobel a 2014, shekarar da aka kai samfurin ɗakin gyara.

A lokacin wannan gyara, Margaret Weitekamp ce jami'ar da ke kula da samfurin a gidan tarihin, Malcolm Collum ne shugaban masu gyara, Ariel O'Connor kuma ta yi yawancin binciken kayan da aka ƙera shi da su. Kafin a taɓa komai sai da aka aro na'urar ɗaukar hoton ƙashi daga gidan namun daji na ƙasa aka leƙa cikinsa, aka kuma ɗebi ƙananan ɓarɓashin fenti aka duba su a madubin ƙara girma domin a ƙirga shimfiɗun fentin da aka yi ta ɗorawa. Binciken ya nuna cewa gangar jikin an yi ta ne da falankai a jere kamar ganga, ba wani ƙashi a ciki da ke riƙe da su sai tsohon gam, alhali ita ce ke ɗauke da nauyin injina biyu. Aka sa mata zoben ƙarfe daga ciki. An kuma yanke shawarar da ta zama ginshiƙin aikin duka, cewa za a mayar da samfurin yadda yake a watan Agusta na 1967, lokacin da aka yi masa canji na ƙarshe da aka sani a zamanin ɗaukar shirin, kuma za a kalle shi a matsayin kayan aikin ɗaukar hoto, maimakon a yi ƙoƙarin mayar da shi kumbon da ke cikin labari. Kwamitin masu ba da shawara ya ƙunshi mutane irin su Michael da Denise Okuda, waɗanda suka yi aiki a shirye-shiryen Star Trek da suka biyo baya, da Gary Kerr, wanda ya shafe shekaru yana auna samfurin yana tattara tsofaffin hotunansa, fenti kuma masu zane daga Industrial Light and Magic, kamfanin da ke haɗa dabarun hoto na finafinai, suka taimaka da shi.

Wannan shawara ita ce ta sa batun fitilu ya zama mai wuya. Da manufar ita ce kumbon ya haskaka kawai, da an zuba fararen LED an tashi. Amma abin da ake nema shi ne hasken 1967 ba tare da zafin 1967 ba, kuma ƙwai biyun ba halinsu ɗaya ba. Ƙwai mai zare yana ba da haske mai ɗumi, mai ratsin ruwan ɗorawa, wanda a ma'aunin launin haske yake kusa da kelbin 2,700, alhali farin LED na gama-gari, irin na tocila, yakan kai 6,000 ko fiye, yana ɗaukar ido da ratsin shuɗi. Ƙwai mai zare yana watsa haskensa ko'ina, shi kuwa LED yana harba shi gaba ne kamar tsinin mashi. Bambanci na uku shi ne wanda mutane da yawa ba sa lura da shi sai an nuna musu, wato zaren ƙarfe yana ɗaukar ɗan lokaci kafin ya yi ja, yana kuma ɗaukar ɗan lokaci kafin ya huce, saboda haka ƙyaftawarsa tana da laushi, tana tasowa tana lafawa. LED kuwa nan take yake kamawa, nan take yake mutuwa, kuma idan aka sa shi ƙyaftawa haka nan, sai ya yi kama da fitilar gargaɗi ta kan titi. Masu gyaran sun yi amfani da LED waɗanda ake iya sarrafa launinsu da ƙarfinsu ta kwamfuta, suka daidaita su da abin da tsofaffin hotuna da fim suka nuna, har da na cikin ƙoƙunan injina. A ganina wannan shi ne ɓangaren aikin da ya fi cancantar yabo, domin sun ɗauki sabuwar fasaha suka tilasta mata ta koyi tafiyar tsohuwa, kuma sun yi haka ne don girmama mutanen da suka tsara hasken tun farko.

Labarin ƙananan samfura na kwali ya bi wannan sawu kusan taki bayan taki. Kamfanin AMT ya sami izinin yin samfurin Enterprise mai tsawon inci 18 tun a 1966, bisa yarjejeniyar da ta sa ya ƙera wa masu shirin ƙaramin kumbon Galileo, kuma fitowar farko ta samfurin tana ɗauke da 'yan ƙwayaye masu zare da ke aiki da batir. Har ma an yi amfani da ɗaya daga cikin irin waɗannan samfura a cikin shirin a 1967, aka ƙona shi aka lalata shi domin ya fito a matsayin wani kumbo da aka ragargaza. A 2012 kuma, a ƙarƙashin sunan Polar Lights, aka fitar da babban samfuri a ma'aunin 1 bisa 350, mai tsawon kusan inci 32, wanda Gary Kerr ya ba da gudunmawa wajen auna shi, aka kuma sayar da kayan fitilunsa daban, har da ƙananan injinan juya fukafukan cikin ƙoƙuna. Robar da ake yin waɗannan samfura da ita tana fara laushi ne idan zafi ya doshi digiri 100 a ma'aunin Salshiyas, kuma tun kafin nan ƙwai mai zare da ya jingina da ita yana iya lotsa ta. Don haka zuwan LED ya buɗe wa masu wannan sha'awa ƙofar da ta daɗe a rufe.

Amma kawar da zafi ya fito da wata matsalar da katakon samfurin Smithsonian bai sani ba. Katako ba ya barin haske ya ratsa shi, ita kuwa siririyar roba tana bari. Wanda ya saka LED a cikin faifan kumbo, wato babban sashensa na gaba mai siffar faifai, ya rufe ba tare da shiri ba zai tarar, da zarar ya kashe fitilar ɗaki, cewa faifan duka yana haskakawa kamar fitilar ƙwai, kuma kowane layin haɗi ya zama farin zare. Maganin da masu sana'ar suka daidaita a kai shi ne a fesa baƙin fenti a cikin kowane sashe, sau biyu ko uku, a ɗaga shi a gaban fitila mai ƙarfi a duba ko akwai inda ke yoyo, sannan a bi bayan baƙin da farin fenti domin hasken ya yi ta karo da bango yana bazuwa, kowace taga ta samu rabonta daidai. Layukan haɗi kuma, bayan an manne su, a cike su a goge a sake dubawa a cikin duhu. Wannan aiki ne mai cin lokaci wanda ba wanda zai gan shi idan an gama, amma shi ne ke raba samfurin da ake kallo a ga kumbo da wanda ake kallo a ga roba da ƙwai a ciki.

Lissafin wutar ba shi da wuya, kuma duk mai gyaran rediyo ya san shi. Farin LED na yau da kullum yana buƙatar kimanin volt 3, ja kuma kimanin volt 2, kuma yawancin ƙananansu ba a so wutar da ke ratsa su ta wuce miliamfiya 20. Idan tushen wutar volt 9 ne, ƙwan kuma fari ne, ragowar volt 6 dole ne rizisto, wato ɗan abin da ke rage ƙarfin wuta, ya shanye ta, kuma idan aka raba 6 da 0.02 za a sami om 300, saboda haka sai a ɗauki na 330 da ake samu a kasuwa. Sai dai a nan ne nake ganin yawancin masu farawa suke kuskure, domin suna ɗaukar miliamfiya 20 a matsayin abin da ake nema, alhali iyaka ce kawai. A ma'aunin 1 bisa 350, tagar da faɗinta ya kai mita ɗaya ba ta cika milimita uku ba a jikin samfurin, kuma abin da ake so mai kallo ya ji shi ne yana hango ɗakin da mutane ke zaune a ciki daga nesa mai yawa. Taga mai ƙarfin tocila tana rushe wannan ji nan take, tana mayar da kumbo mai tsawon mita 289 ɗan abin wasa. Rizisto na om 1,000, wanda zai sauko da wutar zuwa miliamfiya 6, sau da yawa yakan ba da sakamakon da ya fi kyau, kuma ƙwan zai fi daɗewa. Laushin ƙyaftawa kuwa, wanda ƙwararrun Smithsonian suka yi wa aiki, mai ƙaramin allon Arduino, wato 'yar ƙaramar kwamfuta mai sarrafa kayan lantarki, yana iya samunsa a gida ta hanyar kunna ƙwan da kashe shi sau ɗaruruwa a daƙiƙa ɗaya, yana ƙara tsawon kunnawar a hankali yana kuma rage shi, har ido ya ga haske yana tasowa yana lafawa.

Ga wuraren da suka yi ƙanƙanta ƙwarai, kamar fitilun gefe, ja a hagu kore a dama bisa al'adar jiragen ruwa da na sama, ana amfani da zaren haske, wato siririn zaren roba mai kaurin kwata ko rabin milimita wanda ke ɗaukar haske daga ƙwai ɗaya ya kai shi nesa. Ana huda rami a zura shi a bar kansa ya ɗan fito waje, a yi fenti a kansa, sai an gama komai a yanke shi daidai da jiki, sabon bakin ya fito tas. Ba a manne shi da sufa-gulu, domin yana sa shi ya yi gautsi ya karye, farin gam na katako ko gam mai haɗi biyu shi ya fi dacewa. Sauran wayoyi kuma dole ne a tsara hanyarsu tun kafin a manne sashe na farko, daga injina ta cikin siraran ƙafafun da ke riƙe da su, zuwa gangar jiki, daga faifai kuma ta cikin wuya, duka su haɗu su sauka ta bututun da samfurin ke tsaye a kai zuwa gindinsa, inda batir ko mahaɗin wuta yake. Kowane haɗin waya a like shi da dalma a rufe shi, a kuma gwada fitilun kafin rufe kowane sashe da bayan rufe shi, har a bar su a kunne na wasu sa'o'i, saboda ƙwan da zai mutu da wuri ya mutu tun hannu yana iya kaiwa gare shi. Mai samfurin kwali yana da gatan da Datin da abokan aikinsa ba su samu ba a 1965, domin kumbonsa yana zuwa masa a buɗe, kuma ba shi da hujjar sadaukar da gefen hagu.

Ranar 28 ga Yuni 2016 aka mayar da samfurin bainar jama'a a babban zauren shiga na gidan tarihin, 'yan kwanaki kafin gidan ya cika shekara 40 da buɗe gininsa, kuma 'yan watanni kafin shirin ya cika shekara 50. An ɗora shi a kan maɗauki a cikin akwatin gilashi mai daidaita zafi da danshi, maimakon rataye shi daga rufi kamar yadda aka yi masa na tsawon shekaru a baya, abin da ba a ƙera shi domin ya jure ba. Saman faifan, wanda shi kaɗai ne babban sashen da ke ɗauke da fentinsa na asali, an tsabtace shi an ƙarfafa shi ba tare da an sake shafa masa fenti ba, kuma da shi aka auna launin sauran jikin. Duk da cewa sababbin ƙwayayen ba sa zafi kamar na da, masu kula da shi ba su bar su a kunne yini guda ba. A lokacin an tsara su kama sau uku a rana, da ƙarfe 11 na safe da ƙarfe 1 da ƙarfe 3 na rana, na kimanin minti goma kowane karo, kuma a waɗannan lokuta ne maziyarta suka riƙa taruwa a gaban gilashin suna jiran ƙoƙunan injina su fara juyawa.